Jagora ga Macen da Larura ta Fitar Ita Kaɗai: Daga Ƙofar Guga Zuwa Inda Ta Nufa

Ƙofar Guga tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, ita ce kuma ke fuskantar hanyar da ta nufi Jibiya, ta wuce Magama, ta tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa, har ta dangana da Maraɗi, garin da sarakunan Katsina na dauri suka koma bayan jihadi, wanda har yau ake kiran sarkinsa Sarkin Katsina. Tun zamanin ayarin jakuna da raƙuma har zuwa na motocin Golf da Hayis ba a taɓa rasa mata cikin masu bin wannan hanya ba. Abin da ya sauya shi ne, a da mace takan fita cikin ayari ƙarƙashin madugu, yau kuwa larura takan fitar da ita ita kaɗai. Ga ɗaliba mai komawa makaranta, ga ma'aikaciyar jinya da aka tura asibitin karkara, ga wadda miji ya rasu ya bar ta da marayu tana sarin atamfa da turare, ga kuma dattijuwa mai zuwa barka ko ta'aziyya wurin dangi a ƙetaren iyaka.

Domin irin waɗannan bayin Allah aka tsara wannan jagora, da kuma iyayensu da mazajensu waɗanda hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ji an sauka. Maƙasudinta kuwa ɗaya ne: amincin tafiya yana farawa ne tun kafin a taka mota, wato wurin tantance labarin da aka ji game da hanya da garin da aka nufa, saboda labari yakan hana mutum tafiyar da babu aibu a cikinta, yakan kuma ingiza shi cikin wadda halaka ke jiransa a ƙarshenta.

Fasali na ɗaya: Hukunci da izini

Abu na farko da ya wajaba a kan mace musulma, tun ba ta ɗaure kaya ba, shi ne ta san matsayin tafiyarta a shari'a, ta kuma fita da yardar wanda ke da hakki a kanta, miji ne ko uba ko waliyyi. Hadisan da suka hana mace tafiya ba tare da muharrami ba tabbatattu ne cikin Buhari da Muslim, sai dai ruwayoyinsu sun sha bamban wajen ƙayyade nisa, wata ta ambaci kwana uku, wata kwana biyu, wata yini da dare, daga nan ne kuma fuƙaha'u suka yi saɓani. Hanafawa sun sharɗanta muharrami ko da a hajjin farilla. Malikawa kuwa, waɗanda mazhabarsu ce ta kafu a ƙasar nan, sun yi rangwame ga wadda ta rasa muharrami ta sauke farali cikin amintacciyar tawaga, abin da littattafanmu ke kira rufƙa ma'amuna. Waɗansu malaman zamani sun faɗaɗa wannan rangwame zuwa sauran tafiye-tafiyen larura, suna cewa illar hanin ita ce tsoron abin da zai same ta a hanya, waɗansu kuma sun tsaya a kan zahirin nassi. Kowace ta tambayi malamin da ta amince da ilminsa da taƙawarsa, ta kuma san cewa dokokin hukumomi su ma suna juyawa: a 2012 Saudiyya ta tsare ɗaruruwan maniyyata mata 'yan Nijeriya ta komo da su gida saboda rashin muharrami, daga 2021 kuma ita da kanta ta buɗe wa mata rajistar hajji ba tare da shi ba.

Akwai kuma darasi a tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda takan naɗa wa dattijuwa mai hankali malfa ta zama jaji, ta riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta neman ilmi, su zo a taru su koma a taru. Macen yau, ko da ita ɗaya ta fito daga gida, ta yi ƙoƙarin haɗa wa kanta irin wannan tawaga: wanda zai raka ta tasha, mata 'yan'uwanta a cikin mota, da wanda zai tarye ta a inda za ta sauka.

Fasali na biyu: Sunan gari a bakin masu labari

Mafi yawan garuruwan duniya da kunne muka san su. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Katsina a farkon 1851, ya rubuta cewa birnin ya ragu ƙwarai, ciniki ya koma Kano, aka yi shekaru masu yawa mutanen Turai suna kallon Katsina da idon wannan baƙo guda. Daga baya muka sami namu masu labari: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, yau kuwa duk mai waya a hannu, da Facebook da WhatsApp da TikTok a cikinta, ya zama ɗan jarida ba tare da edita ba.

To, ɗabi'ar labari ce ya bi abin da ya saɓa wa al'ada, don haka motocin da suka isa lafiya ba mai ambatonsu, sai guda ɗaya da aka tare. Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sunan Katsina ya zagaya duniya a kan wannan musiba, alhali mai sauraro a Legas ko Landan ba ya bambance birnin Katsina da jihar Katsina, bai kuma san cewa jihar tana da ƙananan hukumomi 34 ba, balle ya san tazarar da ke tsakanin Ƙanƙara da Daura. Gwamnatocin Ingila da Amurka, a shawarwarin da suke bai wa 'yan ƙasarsu, sukan ɗauki jihar dungurungum su sa ta cikin wuraren da ba a so a je. Duk da haka kada a yaudari kai, fitinar gaskiya ce: Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume, masu maƙwabtaka da dajin Rugu da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari, sun sha azabar satar mutane da shanu, har ta kai a 2021 gwamnatin jihar ta Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Wanda ya ce babu komai ya yi ƙarya, wanda ya ce ko'ina wuta ce shi ma ya yi ƙarya, matafiyiya kuwa ba ta da abin da za ta ƙaru da shi wurin ɗayansu.

Akwai kuma nau'i na biyu na labari, shi ne mai ƙawatawa, wanda ke nuna benaye da fitilun Dubai da Jidda, ko ya ce a Aljeriya da Libiya kuɗi a ƙasa ake tsintarsu, a bayansa kuwa akwai dillali mai alkawarin aiki da masauki da biza, wanda ba ya neman komai a farko sai fasfo. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, mafi yawansu mata da ƙananan yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Da yawansu daga yankin Kance suka fito, Hausawa 'yan'uwanmu. Saboda irin wannan fatauci na mutane ne Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003. Idan aka auna, labari mai ƙawatawa ya fi mai tsoratarwa cutarwa ga mace, domin mai tsoratarwa iyakarsa ya sa ta rasa cin kasuwa ko halartar biki, mai ƙawatawa kuwa yakan raba ta da 'yancinta, wani lokaci har da ranta.

Fasali na uku: Yadda ake auna labarin hanya

Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta, sun san wane ya ji daga wane, da adalcin kowanensu da ƙarfin haddarsa. Alƙur'ani kuma, cikin Suratul Hujurati, ya umarci muminai da neman tabbaci idan wanda ba a amince da shi ba ya zo da labari. Wannan ma'auni shi ne ya dace da labarin hanya, ana kuma iya tattara shi cikin tambayoyi huɗu.

Ta farko, wa ya faɗa? Saƙon muryar da ya fara da "an ce", wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ba a san mafarinsa ba, isnadinsa yankakke ne. Wanda ya fi cancanta a saurara shi ne direban da ya shigo ta wannan hanya da safiyar yau, sai mata 'yan kasuwa masu bin ta kowane mako, sai ɗan'uwa mazaunin garin da aka nufa, sannan gidajen rediyo na gida irin su Rediyon Jihar Katsina da Companion FM, waɗanda sukan ambaci ƙauye da sunansa. A nemi shaidu biyu waɗanda ba daga bakin juna suka ji ba.

Ta biyu, yaushe abin ya faru? Labarin hanya shi ma yana da nasihi da mansuhi. An rufe iyakokin Nijeriya a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilu na 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka buɗe a Maris na 2024. A 2025 kuma an yi zaman sulhu da 'yan daji a Jibiya da Batsari. Wadda ta yi aiki da labarin bara, na tsoro ne ko na aminci, tana iya kuskure ta kowace fuska, hoton bidiyo kuwa yakan dawo bayan shekaru a ce yanzu-yanzu ya auku.

Ta uku, a ina takamaimai? Kada ta gamsu da "hanyar Jibiya ba kyau" ko "hanyar Jibiya lafiya lau". Ta tambaya tsakanin wane gari da wane gari, kuma da wane lokaci na yini.

Ta huɗu, me mai faɗa zai samu? Ɗan kamasho yana son mota ta cika, dillali yana son la'adarsa, mai shafin intanet yana son a yi ta kallonsa, ɗan siyasa yana son a yaba ko a kushe. Maganar wanda ba shi da riba a tafiyarta ko fasawarta ita ce mafi nauyi.

Fasali na huɗu: Guzuri

Idan labari ya inganta, aka yi istihara, zuciya ta natsu, sai shiri. Ta ɗauki katin ɗan ƙasa, ta bar kwafinsa a gida. Ta cika wayarta da caji da kati, amma kada ta dogara da ita kaɗai, domin waya takan mutu, a kan sace ta, layi kuma yakan ɗauke a tsakanin garuruwa. Saboda haka ta rubuta lambobin mutum biyu ko uku a takarda ta adana a jikinta, tare da 112 ta neman agajin gaggawa da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Kuɗinta ta kasa uku: kuɗin mota da na ƙananan buƙatu a jakar hannu, don kada ta kwance ɗauri a gaban jama'a, wani kaso a lalita ƙarƙashin tufa, ragowar a banki. Gwal da sarƙa mai tsada su zauna a gida, ko da biki za a je, in kuwa dole ne, a sa su bayan an sauka. Hijabi mara jan ido da takalmi shimfiɗaɗɗe sun fi dacewa da hanya. Ta tafi da ruwanta da abincinta da maganin da ta saba sha, kayanta kuma kada su wuce abin da za ta iya ɗauka da kanta, domin mai kaya da yawa tilas ta nemi taimakon duk wanda ta gani.

Fasali na biyar: A tasha da cikin mota

Mota a tasha ake shiga, ko ta hukumar sufuri ta jiha, wato KTSTA, ko ta ƙungiyar direbobi, inda aka san direba da sunansa da layinsa, ake kuma rubuta sunayen fasinja da lambar wanda za a kira. Motar bakin titi takan fi araha ta kuma fi saurin tashi, amma babu wanda za a tuhuma idan ta ɓace, da irinta ne kuma 'yan fashin da ake kira wan-cans suke farautar mutane a Abuja. Game da lokaci, a hanyoyin da ke kusa da daji ya fi kyau a tashi da hantsi, bayan motocin farko sun je sun kawo labari, a kuma lissafa yadda za a sauka kafin la'asar ta yi sanyi, har da sa'ar da za a ɓata ana jiran lodi da tsayawa a shingayen bincike. Ranar kasuwa, kamar Lahadin Jibiya, motoci da mata sukan yi yawa a hanya, wannan kuwa rahama ce ga mai tafiya ita kaɗai.

Kafin mota ta tashi ta karanta lambarta, ta kira gida ta faɗa da murya wadda direba da fasinja za su ji, ta ambaci lokacin da ake sa ran isa. Ta nemi zama kusa da mace, mafi kyau dattijuwa, ta gaishe ta da ladabi ta ce, "Hajiya, tare muke, ni 'yarki ce a wannan tafiya". In babu mace ko ɗaya kuma tana da hali, ta biya kuɗin kujera biyu, ko ta haƙura ta jira mota ta gaba. A cikin hira ta tsare sirrinta, kada ta bayyana abin da ta ɗauko, ko cewa ba ta san garin ba, ko cewa ba mai jiranta. Kada ta ci ko ta sha abin da baƙo ya miƙo, ta ce alhamdu lillahi ta ƙoshi. Kada kuma ta karɓi ƙunshin saƙo daga wanda ba ta sani ba, domin a gaban kwastan da jami'an hana fataucin ƙwayoyi, kaya na wanda aka same su a hannunsa ne.

In wani ya matse ta ko ya miƙo hannu, kunya ba ta wajabta mata shiru ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka gyara zamanka," ta kuma kira direba ta nemi a sauya mata wuri. Mai irin wannan hali da shirun mace yake samun ƙarfi, kuma da wuya a rasa mai kishin addini a cikin mota. In fasinja suka yi ta sauka har ta ga za ta rage ita kaɗai cikin maza, ta sauka a tashar gari na gaba mai jama'a, ta sake mota, asarar kuɗin mota ba asara ba ce. In mota ta lalace, ta tsaya tare da jama'a, kada ta bi wanda ya tsaya ya ce zai rage mata hanya ita kaɗai. Shari'a ma ta sauƙaƙa mata: a tafiyar da ta kai buridi huɗu, kimanin kilomita 80, kamar Katsina zuwa Kano, akwai ƙasaru, akwai kuma rangwamen haɗa azahar da la'asar, don haka ba ta da buƙatar keɓewa a wurin da ba kowa domin alwala.

Fasali na shida: Iyaka da masauki

Mai niyyar Maraɗi ta sani cewa Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025, saboda haka ta tambayi ofishin shige da fice takardun da ake nema a wannan lokaci, ta kuma riƙe katin rigakafin shawara. Ta bi ta ƙofar hukuma a Magama, ko da za a daɗe, ta guji masu babur da ke tallar ɓarauniyar hanya, domin wadda ta shiga ƙasa ta daji ba ta da bakin kai ƙara. Takardunta jami'i mai kaki kaɗai za ta miƙa wa, a bainar jama'a, ta kuma karɓi abinta; fasfo ba ya kwana a hannun dillali. Ta koyi ƙidayar faran sefa, kuɗin Nijar, tun daga gida, domin can da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa faran biyar ce, dala ashirin ita ce faran 100, jika kuma faran 1,000, wanda bai san wannan ba yakan ruɗe a hannun mai canji.

Da isa, ta zauna cikin tasha har mai taryarta ya zo, in kuwa za ta hau a-daidaita-sahu, ta zaɓi na layin tasha, ta faɗi sunan unguwa kamar wadda ta saba. Idan dare ya riske ta a garin da ba ta da kowa, al'adarmu ta riga ta yi tanadi: ta nemi gidan mai unguwa ko na liman, a shigar da ita wurin iyali, ko ta nufi ofishin 'yan sanda. In masaukin kuɗi ne, ta zaɓi wanda wani amintacce ya taɓa sauka, ta kulle ƙofa ta ciki, kada ta buɗe wa wanda ba ta kira ba. Sannan ta sanar da gida cewa ta sauka, domin hakkinsu ne.

Kira

Ya ku iyaye da mazaje, wanda ya ba da izini bai sauke nauyi ba sai ya binciki hanya, ya raka zuwa tasha, ya ga direba ido da ido, ya kuma bar wayarsa a buɗe har a isa. Ya ku shugabannin tasha, ku ware wa mata layin kujerunsu, ku tsare rubuta sunayen fasinja, ku hukunta direban da ya ci amana. Ya ku ma'abota alƙalami da rediyo da waya, idan za ku ba da labarin hari ku ambaci ƙauyen da ranar da sa'ar, idan hanya ta gyaru ku faɗa kamar yadda kuka faɗi ɓacinta, kada kuma ku tallata ƙasar da ba ku san halin da 'yan aikatau ke ciki a can ba, domin akwai mace da za ta ɗaure kaya ko ta kwance saboda maganarku. Ke kuma 'yar'uwa, ki yi tambaya kafin ki fita, ki riƙi sababi, sannan ki dogara ga Allah. Allah Ya kai lafiya, Ya komo da ke lafiya, amin.